Faston da Ba Mai Leƙawa: Kaɗaici da Riƙon Amana a Majami'un Ƙasar Daura

A watan Oktoba na 2023 Fafaroma Francis ya yanke Katsina daga ƙarƙashin Sakkwato ya ba ta nata dayosis, ya kuma naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan asalin jihar, bishop na farko. Jaridu sun fi mayar da hankali kan cewa Bahaushe ne, kuma lallai abin farin ciki ne ga Masihiyawa, wato Hausawa Kirista. Amma akwai wani amfanin da ba a yayata ba. Kafin wannan rana, duk limamin Katolikan da aka tura ƙasar Daura, shugabansa yana Sakkwato, kuma kafin su ga juna sai ɗayansu ya ratsa hanyoyin da 'yan bindiga suka mayar abin tsoro. Yanzu tsakaninsu bai wuce tafiyar kilomita 80 ko makamancin haka ba. Ga wanda bai san aikin ba, wannan maganar taswira ce kawai. Ga wanda ya sani, magana ce ta ko akwai mai ƙwanƙwasa wa fasto ƙofa ya tambaye shi lafiyarsa, ya kuma tambaye shi ina kuɗin ginin da aka tara bara.

Tambayoyin nan biyu, ta lafiya da ta kuɗi, na daɗe ina ganin baki ɗaya ya kamata ya yi su. Inda babu mai yin ta farko, da wuya a sami mai ƙarfin halin yin ta biyu.

Masarautar Daura, da ƙananan hukumominta biyar, wato Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, ƙasar Musulmi ce tun tuni, kuma Kiristocin da ke cikinta yawancinsu aiki ko fatauci ne ya kawo su. Akwai 'yan sanda da sojoji, da jami'an kwastan na bakin iyakar Kongolam, da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwa daga Kudu, da masu yi wa ƙasa hidima da ke zuwa su yi shekara su tafi. A 'yan shekarun nan an ƙaru da ɗalibai da ma'aikatan kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri. Irin wannan ikkilisiya kullum a kan ƙafa take. Dattijon da ya fara gane halin fasto, kafin a ce me, an yi masa canjin wurin aiki. Ma'ajin da ya san yadda littafin kuɗi yake ya gama hidimar ƙasa ya ɗaure kayansa. Fasto kaɗai ne ke zama, shi ma ɗin baƙo ne, galibi daga kudancin Kaduna ko Filato ko kudancin Katsina.

Tarihi ne ya shimfiɗa abin haka. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addininsu ba, saboda haka an daɗe ana tsare wa 'yan mishan hanyar shiga masarautu. Ƙofar da ta buɗe wa ƙungiyar mishan ta SIM a shekarun 1930 ita ce ta jinyar kutare: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. Daga baya bishara ta fi samun karɓuwa a unguwannin Maguzawa na Malumfashi da Kafur da Matazu da kewayensu, kuma can ne har yau Hausawa Kirista suka fi yawa a jihar, can ne makarantar horar da katikis ta Katolika take. Daura tana can ƙurewar arewa, nesa da wannan cibiya. Hedikwatar ECWA kuwa, ikkilisiyar da ta fito daga aikin SIM a 1954, tana Jos.

A leƙa gidan irin wannan fasto. Ɗaki biyu ne ko uku a bayan majami'a, katanga ɗaya ta kewaye su duka, don haka ba shi da lokacin tashi daga aiki. Da asuba matar da mijinta ya doke ta tana bakin ƙofa. Da hantsi yana ofishin 'yan sanda belin wani yaro. Da la'asar yana neman motar da za ta ɗauki gawar wani ɗan kasuwa zuwa garinsu. Asirin kowa yana cikinsa, nasa kuwa ba shi da inda zai kai. Ba zai gaya wa ɗan ikkilisiya cewa shi da uwargida sun yi sati ba sa magana ba, domin gobe shi zai tsaya ya ɗaura wa wasu aure. Ba zai gaya wa shugabannin gunduma cewa addu'a ta yi masa nauyi a baki ba, domin su ne masu rubuta takardar canjin wuri. Maƙwabcinsa Musulmi mutumin kirki ne, suna gaisawa, yana aiko masa da naman layya, shi ma yana aika shinkafar Kirsimeti, amma akwai maganar da ba ta tsallake katanga. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ita ke jagorantar Zumuntar Mata ba tare da albashi ba, kuma ita ma ba ta da ƙawar da za ta yi wa kuka ba tare da labarin ya zagaya ba kafin Lahadi.

Ga kuma tsoro. Yankin Daura ya fi kudanci da yammacin jihar zaman lafiya, amma labari yana tafiya. A watan Mayu na 2021 aka kai hari majami'ar St. Vincent Ferrer a Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da tsoho Fada Joe Keke. A watan Mayu na 2022 aka sace Fada Stephen Ojapah da Fada Oliver Okpara daga gidansu a Gidan Maikambo cikin Kafur, suka yi fiye da wata guda a hannun 'yan bindiga. Bayan irin wannan, taron fastoci da ake yi a kwana tare yakan ragu, ziyarar shugabanni takan koma kiran waya, kowa ya ja ƙofarsa da wuri.

Mutumin da ke cikin wannan hali abin tausayi ne. Amma abin tsoro ne kuma, domin gara daga ciki take cin azara, rufin yana nan tsaye har ranar da zai rufta.

A ɗauki maganar baiko. A ƙa'ida, in an tashi daga sujada, mutum biyu ko uku ne ke zama su juye jakar a kan tebur, su ware takardu daga tsaba, su ƙirga, su rubuta, kowa ya sa hannu, ma'aji ya kai banki. A ikkilisiyar da dattawanta ke sauyawa duk shekara, wata Lahadi ma'aji ba ya nan, sai a ce Baba fasto ya ajiye. Albashin Baba kuwa daga baikon nan yake fitowa, kuma an yi wata biyu bai cika ba, ga kuɗin makarantar yara. Ya ari kaɗan da niyyar mayarwa. Babu wanda ya tambaya, domin wa zai kalli bawan Allah ya ce ya kawo lissafi? Ba da sata ake farawa ba. Da rance ake farawa, wanda ba mai shaida, kuma shekara uku bayan haka mutumin da ya shigo aikin da zuciya ɗaya ba ya iya haɗa ido da littafin kuɗi.

Abubuwa uku ne ke ɗaure bakin jama'a, kuma dukkansu suna da fuskar kirki. Akwai kunya da kawaici irin namu, da ba sa barin yaro ya tuhumi babba. Akwai ayar nan ta Zabura 105 da ke gargaɗi kan taɓa shafaffun Allah, wadda aka ciro daga mahallinta aka mayar garkuwar duk mai riƙe da makirfo. Na uku ya fi su ƙarfi a wuri irin Daura: mu 'yan kaɗan ne, kar a ji mu a waje. Ikkilisiyar da ke fama da neman filin gini, take lallaɓa zamanta da maƙwabta, tana ganin duk abin kunyar da ya fita makami ne aka miƙa wa masu neman laifinta. Na fahimci wannan tsoro, ban raina shi ba. Sai dai rufin asirin nan kusan kullum mai ƙarfi yake rufawa. Yarinyar da ta yi ciki a sa ta ƙarƙashin horo, a karanta sunanta a gaban jama'a, a hana ta jibin Ubangiji, ta koma bencin baya. Babban da ake raɗe-raɗin yana da hannu a irin wannan sai a ji an yi masa canji zuwa wani gari, inda ba wanda ya san komai. Matasa suna kallo, kuma suna gane abin da suka gani.

Kada a ɗauka cutar ƙauye ce ko ta talauci. Ravi Zacharias, mai wa'azin da duniya ta sani, ya mutu a 2020, kuma binciken da ƙungiyarsa ta sa aka yi ya fito a 2021 da tabbacin cewa ya daɗe yana cin zarafin mata. A watan Nuwamba na 2024 Justin Welby ya sanar da ajiye muƙaminsa na Akbishop na Canterbury bayan rahoto ya nuna cocin Ingila ta yi sakaci da lamarin John Smyth, wanda ya azabtar da yara maza shekara da shekaru. Waɗannan mutane ne da jama'a ke kewaye da su dare da rana. Nisan hanya ne ke keɓe faston Baure, su kuwa girma ne ya keɓe su, amma ƙarshen ɗaya ne: ba wanda ke kusa da zai ce a'a.

Gwamnati ta gwada shiga maganar, kuma sau biyu a zamanin ɗan Daura, marigayi Muhammadu Buhari. A watan Janairu na 2017 wata ƙa'ida ta hukumar kula da rahoton kuɗi, wadda ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin addini shekara 20 a kan kujera, ta sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya riƙe reshen Najeriya na cocin Redeemed. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ƙa'idar, aka sallami babban sakataren hukumar, Jim Obazee. A watan Agusta na 2020 aka sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajista ikon dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙon ƙwarya, ƙungiyar Kiristoci ta CAN kuwa ta yi tsaye ta ce ba ta yarda ba. A ganina ƙin yardar yana da hujja, musamman ga tsirarun da suka san yadda doka kan juya a hannun mai son zuciya. Amma wanda ya ce gwamnati ba ta isa ta duba littafinsa ba, ya ɗora wa kansa nauyin nuna wanda ya isa. Ba zai yiwu a kori mai binciken waje a kuma rufe bakin na gida ba.

Abin takaici, kayan aikin suna nan a rubuce. Tsarin ECWA ya hau daga majalisar ikkilisiya zuwa ta yanki, zuwa ta gunduma, zuwa babbar majalisa, kuma shugabanta na ƙasa yana da wa'adi: Jeremiah Gado ya miƙa wa Stephen Panya Baba a 2018, shi kuma ya sauka a 2024. Dokar Katolika ta wajabta wa kowace ikkilisiya kwamitin kuɗi, ta wajabta wa bishop ya zagaya dayosis ɗinsa duka aƙalla sau ɗaya cikin shekara biyar, ya kuma miƙa takardar ajiye aiki in ya kai shekara 75. Littafi Mai Tsarki kansa cike yake da wannan. Annabi Natan ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya gaya masa laifinsa. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban mutane a Antakiya, kuma da za a kai gudummawa Urushalima bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, sai da wakilan da ikkilisiyoyi suka zaɓa. Almajirai ma biyu-biyu aka aike su. Ko sarautar Daura ba ta san sarkin da ba mai taka masa birki ba: M. G. Smith, a littafinsa na 1978 kan tarihin mulkin Daura, ya nuna yadda Magajiya da Kaura da Galadima suke da bakin magana a kan sarki. Wanda ke cewa tuhumar shugaba ba al'adarmu ba ce bai karanta tarihin garin ba.

Inda tsarin ke karyewa shi ne a ƙasa, a majami'ar mutum hamsin, kuma ya fi karyewa a cocin da mutum ɗaya ya kafa, shi ne mai wa'azi, shi ne ma'aji, matarsa ce mataimakiya. Gunduma takan tuna da faston nesa lokaci biyu: in kason da ake aikawa sama ya makara, ko in takardar ƙara ta iso. Kwamitin da ya zo a irin wannan rana alƙali ne, kuma ba mai buɗe wa alƙali cikinsa. Da a ce a kasafin kuɗin gunduma akwai layin man fetur na ziyara, wani fasto mai shekaru da ba shi da hannu a canjin wuri ya riƙa zuwa ya kwana biyu, ya ci tuwon gidan, matarsa ta keɓe da Mama su yi magana, to ranar da ya ce a kawo littafin baiko a duba tare ba za a ji zafin tambayar ba. Lissafin kuɗi kuma a karanta shi a gaban jama'a duk wata uku, a manna a bango, tun ba a fara zargin kowa ba. Hakan kariya ce ga faston kirki kafin kowa, domin shi ma tsegumi na cinsa ba tare da ya ci ko sisi ba. Ƙarar da ta shafi mace ko yaro kuwa kada ta tsaya a hannun abokan wanda ake ƙara, kuma a zauna da mata a cikin masu sauraro.

Sai maganar tsufa, wadda ba a son tayarwa. Fastoci da yawa sun yi shekara talatin suna zama a gidajen ikkilisiya daga gari zuwa gari, ba su aza tubali ko ɗaya a garinsu ba. Ranar ritaya a yi musu sujadar ban kwana, a ba su atamfa da ambulan, wata guda bayan haka sabon fasto na jiran makulli. Mutumin da ya hango wannan rana tun yana da shekara hamsin, ba abin mamaki ba ne in ya manne wa kujera, ko ya fara lallashin attajirin ikkilisiya, ya daina gaya masa gaskiya. Duk gundumar da ke son ta tambayi fastocinta lissafi, sai ta fara da nata: nawa aka cire daga albashinsu da sunan fansho, a wane asusu yake, kuma tsofaffi nawa ne aka biya a bana.