Hanyoyin Shiga Na'urar Rarraba Layi da Yadda A Ke Saita Ta

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da magatakarda na ƙasar Haɗeja, tun daga Auyo da Kafin Hausa har Guri da Birniwa, musamman waɗanda a ke aiki da kwamfutoci a ofisoshinsu.

Idan kwamfutoci sun yi yawa a ofis, a kan jawo waya daga ko wace ɗaya zuwa wani akwati mai kafofi 8, ko 24, ko 48. Ma'aikata suna kiran akwatin nan suwic. Aikinsa ya yi kama da na ƙofofin ruwa na noman rani a ƙasar Auyo, inda a ke buɗe ƙofa a tura ruwa gonar da a ke nufi: saƙo ya shigo ta wannan kafa, suwic ya fitar da shi ta kafar mai shi kaɗai. Iri biyu ne. Akwai wanda a ke jonawa kurum, ba shi da saiti. Akwai kuma mai karɓar umarni, shi ne a ke magana a kansa a nan.

Hanyoyin shigarsa huɗu ne.

Ta fari, kafar konsol. A kan haɗa ta da kwamfuta da wata waya ta musamman, a buɗe manhaja irin su PuTTY, a sa saurin layi a kan 9600, gama shi ne yawancinsu su ke zuwa da shi. Wannan hanya ba ta bukatar adireshi, saboda haka da ita a ke fara saita sabo, da ita kuma a ke ceto shi ran da saiti ya rikice. Amma sai mutum ya je gabansa da ƙafarsa.

Ta biyu, burauza. Idan suwic yana da adireshin IP, sai a rubuta adireshin, shafi ya buɗe, a riƙa zaɓar abin da a ke so. Ita ce mafi sauƙi ga sabon hannu.

Ta uku, rubuta umarni daga nesa, ko da Telnet ko da SSH. Telnet ya samo asali tun 1969, kuma a fili ya ke aika kalmar sirri, kamar wasiƙar da ba a manne bakinta ba. SSH kuwa, wanda Tatu Ylönen na ƙasar Finlan ya ƙago a 1995, ya kan juya rubutun yadda mai leƙe ba zai gane ba. Lalle a rufe Telnet, a bar SSH.

Ta huɗu, SNMP, wanda aka fito da shi a 1988. Da shi ne ma'aikaci guda zai zauna a Haɗeja yana duban lafiyar na'urori masu yawa a gundumomi. Sigarsa ta uku ce mai ɓoye rubutu.

To, in an shiga, ga abin da ya kamata a yi bi da bi. A sāke kalmar sirrin da ya zo da ita daga kamfani, domin tana rubuce cikin littafinsa, kowa na iya saninta. A ba shi adireshi tsayayye. A raba kafofi rukuni rukuni, abin da a ke kira VLAN, watau kwamfutar albashi da ta takardun gonaki su zauna daban da ta baƙi. A kashe duk kafar da ba a aiki da ita. A tabbata tsarin hana zagaye, wanda Radia Perlman ta ƙago a 1985, yana kunne, don idan wani ya soka kawunan waya ɗaya biyu cikin suwic, saƙo ya dinga kewayawa har aikin ofis duka ya tsaya. Daga ƙarshe a adana saitin. A na'urorin Cisco da irinsu, sabon saiti ya kan ɓace da ɗaukewar wuta muddin ba a ba da umarnin adanawa ba.

Har wa yau akwai maganar ruwa. Kowa ya ga ɓarnar da ambaliya ta yi a kwarin Haɗeja a 2020 da 2022. Saboda haka a kafa suwic a sama jikin bango, cikin akwati mai makulli, a haɗa shi da batirin ko-ta-kwana. A kwafi saitin a ajiye shi a wani gini dabam, gama in ruwa ya ci na'urar, da kwafin nan za a ta da sabuwa cikin ɗan lokaci kaɗan.

Ba a ce hakimi ya koyi rubuta umarni ba. Abin da ke kansa shi ne ya san wanda ke riƙe da kalmar sirri, ya sa a rubuta ta a rufe cikin ambulan a ajiye a sef, a kuma sāke ta duk ran da ma'aikacin ya bar aiki. Magatakarda kuwa ya buɗe littafi, ya riƙa shigar da kwanan wata, da sunan wanda ya taɓa saitin, da abin da ya canja. Wanda ya kiyaye waɗannan ya tsare amanar takardun talakawansa.

Allah ya ba mu ikon kiyayewa, amin.