Zaɓen Tirelar Ɗaukar Ƙaramar Tarakta a Yawunde

Hausawan unguwar Briqueterie a birnin Yawunde, waɗanda wasunsu ke da gonaki a wajen gari, kamar ta hanyar Obala, suna buƙatar tirela, wato amalanken ƙarfe da mota ke ja, domin kai ƙaramar tarakta gona. Abu na farko da ake dubawa shi ne nauyi, domin irin wannan tarakta takan kai tan 1 zuwa 2, kuma dole a haɗa da nauyin garma da na tirelar kanta kafin a tabbatar motar za ta iya ja.

Da yake Yawunde gari ne mai tuddai, ga damina biyu da ke mai da jar ƙasa santsi, tirela mai tayoyi huɗu da birkin kanta ta fi dacewa, saboda a gangara kaya kan tura mota gaba. Ana ɗora tarakta yadda kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin zai sauka a kan mahaɗar mota, sannan a ɗaure ta da sarƙa ta kusurwa huɗu, a kuma duba waldar ƙarfen hawa da fitilun baya kafin a biya kuɗin tirelar.