Ko Kun Sani? Kaduna Da Barikin Soja Ta Fara

Kafin Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, sojoji ne suka riga ma'aikatan gwamnati sauka. Tun wajajen 1913 aka fara kwaso dakarun rundunar da Baturen mulkin mallaka Lugard ya kafa a 1897 zuwa bakin Kogin Kaduna.

Galibi inda Turawa suka kafa bariki, sukan gina ma'ajiyar albarushi da harsasai. Akan yi mata bango mai kauri da 'yan kafofin iska ƙanana, don kada laima ta lalata albarushi. Akan kuma nesanta ta da gidajen jama'a, domin tartsatsin wuta ɗaya ya isa ya tashi unguwa. A Yamai, babban birnin Nijar, har yau akwai unguwar Poudrière, wato ma'ajiyar albarushi da Faransanci.

Daga cikin abin da ya saura na wancan zamani akwai gadar ƙarfe ta Lugard, wadda aka gina a Zungeru a 1904, aka sake kafa ta a Kaduna a 1954. A Unguwar Sarki kuma, kan titin Ali Akilu, tsohon ginin jam'iyyar NPC ya zama Gidan Tarihi na Ƙasa a 1975.

Irin waɗannan gine-gine shaida ne na yadda aka mallake mu da bakin bindiga. In suka rushe, jikokinmu sai dai su ji a labari. Mu kula da su.