Kiɗan Mamman Sani: kowa ya san sautin, kaɗan suka san mai shi

Duk wanda ya girma kusa da akwatin radiyo a Dogon Dutsi ko Tibiri, ko ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya sha jin wani kiɗa mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri. Babu kalangu, babu gurmi. Mutum ɗaya ne da na'urar kiɗa ta lantarki mai madannai.

Mai shi, Mamman Sani, ya sayi na'urar, ƙirar Orla ta ƙasar Italiya, daga hannun wani ɗan Ruwanda lokacin da yake aiki da UNESCO. A 1978 ya ɗauki kiɗansa a gidan radiyon ƙasa da ke Yamai. Kaset kaɗan ƙwarai aka buga. Salon ba shi da yawan ado: amo guda ne yake maimaita kansa a ƙasa, waƙoƙin gargajiya na makiyaya suna tafiya a bisansa sannu a hankali, kamar ayari.

Shekaru suka shuɗe. Sai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da kaset ɗin a Yamai. A 2013 kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar da shi a faifan garmaho, wanda mu nan muka daɗe da jinginewa. Taaritt ya biyo baya a 2014. Kamfanin ya kuma buga aikin Hama, matashin Yamai mai kiɗa da madannai.

Abin takaici, faifan ya fi sauƙin samuwa a Turai bisa ga kasuwar Dutsi.