SHUWAKA: A DASA SAU ƊAYA, A CI SHEKARU

A jihar Maraɗi damina wata uku ce zuwa huɗu. Da kaka ta wuce, tafasa da yakuwa da rama sun bushe. Sai uwargida ta koma ga kuka da busasshiyar kuɓewa. Amma akwai wani ɗan itace da ke ba da ɗanyen ganye har cikin rani, in ya samu ruwa. Shi ne shuwaka.

Danginta

Masana tsirrai sun sa shuwaka dangi ɗaya da salati, da tazargade, da kashin yawo, da furen nan mai kama da rana wanda ake tatsar mai daga ƴaƴansa. Alamar dangin ita ce furanni ƙanana da yawa su taru a kai guda. A Amurka ta Arewa akwai wata ƴar uwarta mai furen rawaya, ana shuka ta don ado, kowace shekara ta sake tohowa daga saiwa. Ita ƙasar sanyi take so. Shuwaka kuwa ta Afirka ce. Yarabawa suna ce mata ewuro. A Kamaru da ita ake yin miyar ndole.

Yadda ake gane ta

Tsawonta yakan kai mita 2 zuwa 5. Ganyenta dogo ne, kore, bayansa ya fi haske. Ganyen ba sa fitowa biyu-biyu, ɗaya nan ɗaya can suke bin reshe. Furenta fari ne, ƙanana, cunkus a bakin reshe, yana da ƙamshi, ƙudan zuma na son shi. In an karya reshe ba ta fid da nono irin na tumfafiya. Kada a ruɗe da dogon yaro don shi ma yana da ɗaci: ganyensa ƙanana ne, jere a kan tsinke ɗaya.

Inda za ta yi

Shuwaka ba ta jure ƙishirwar jigawa. Manoman Gidan Rumji da Tibiri suna da Gulbin Maraɗi. Na Gazawa suna da Gulbin Kaba. Nan ruwa ba shi da nisa, ana iya dasa ta a gefen garka. A ƙauyukan Agye masu rijiya mai zurfi, sai a dasa biyu ko uku cikin gida, inda ruwan alwala da na wanke tukunya ke zuba.

Yadda ake dasa ta

A yanko reshe wanda ya ƙosa, tsawon kamu ɗaya. A haƙa rami, a zuba ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana jawo gara. A kafa reshen a karkace, rabinsa cikin ƙasa, idanunsa suna duban sama. A bar mita ɗaya tsakanin wannan da wancan. Farkon damina ya fi kyau. A yi shinge saboda awaki. In ta yi ƙarfi, a riƙa datse kan rassa. Datsewa na sa ta ƙara toho.

Amfaninta

Ana murza ganyen cikin ruwa, a zubar, a sake, har ɗacin ya ragu. Sannan a sa a miya ko fate. A ƙasar Hausa ana yi wa mai jego miyarta. Abin da ya yi saura a shanya a inuwa, ko a kai kasuwa.

Har namun daji sun san ta. A shekarar 1987, a dutsen Mahale na ƙasar Tanzaniya, masu bincike sun ga wata babbar biranya marar lafiya tana tsotson ɓargon reshenta.

Amma a yi hattara. Mai ciki kada ta sha jiƙonta. Yaro mai masassara kuma likita za a kai shi, kada a tsaya jiƙa ganye.

Wanda ke da shuwaka ya ba maƙwabcinsa reshe. Ba sai da kuɗi ba. Reshe ɗaya bana, miyar gida baɗi.