Allurar Jinin Mutum Don Ciwon Bayansa

A sani, ciwon ƙugu ya game duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ke fama da shi a shekarar 2020. In ya shige wata uku bai saki mutum ba, shi ne likitoci ke kira mai daɗewa.

Daga cikin dabarun da suka fito akwai allurar jinin mai ciwon. Wanzami in ya yi ƙaho zubar da jinin yake yi, su kuwa waɗannan mayar da shi suke. Sai su ɗebi kaɗan daga jijiyar hannu, na'ura ta juya shi da gudu har ya rabu, jajayen ƙwayoyi su kwanta ƙasa, ruwa fatsi-fatsi ya taso bisa. Cikin ruwan nan ƙwayoyin da ke tsai da jini in an yi rauni suke, su ne kuma ke taya nama warkewa. Shi ake zubawa cikin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ana duban hoton ƙashi don kada allura ta kauce.

Amma fa masana ba su haɗu a kan amfaninsa ba. A 2016 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa mutum 47 a birnin New York, waɗanda aka yi wa suka fi samun sauƙi bayan mako 8. A 2022 aka fitar da sakamakon gwajin da aka yi a ƙasar Holan, allurar ba ta fi ta ruwan gishiri ba, har mutum guda ƙwayar cuta ta shiga guringuntsinsa.

Saboda haka kada mai ciwo ya sayar da gonarsa a kan abin da bai tabbata ba. Ya fara da motsa jiki bisa shawarar likita, shi ne abin da Hukumar ta yi horo da shi a 2023.