Baƙin ramin da ya yi shekara 26 yana shiru

Ranar 15 ga Yuni 2015, tauraron ɗan'adam na Swift ya hango hasken eksire ya ɓarke daga V404 Cygni, wani baƙin rami mai nisan shekarar haske kusan 7,800. Rabonsa da irin wannan tashi tun 1989, lokacin da na'urar Japan mai suna Ginga ta kama shi. Ya taɓa yi a 1938 ma, amma a wancan zamanin sabon tauraro aka ɗauke shi.

Shi baƙin rami ba ya ba da haske ko ƙanƙani. Abin da ke haskawa iskar gas ce da yake zuƙowa daga tauraron da ke zagaya shi duk kwana shida da rabi. Iskar kan taru ta yi faifai kewaye da ramin, wanda nauyinsa ya ninka na rana sau tara. Muddin faifan yana da sanyi, gas ɗin ƙaruwa kawai yake yi, kamar ruwa a bayan madatsa. Shekara da shekaru ana haka. Da zafi ya doshi digiri 10,000, sai haidurojin ya saki lantarkinsa, gogayya ta tsananta, abin da aka tara ya kwarara ciki, zafinsa ya kai miliyoyin digiri. Wannan ce ɓarkewar da ake gani. Idan tarin ya ƙare, shiru ya dawo.

Ba duka baƙaƙen ramuka suke haka ba. Cygnus X-1 bai taɓa mutuwa ba tun gano shi a 1964, domin ƙaton tauraron da ke kusa da shi yana busa masa gas ba yankewa. GRS 1915+105 kuwa ya kunnu a 1992, ya yi ta ci har 2018 kafin ya dusashe.

Abin da ya fi damuna a wannan fage shi ne gajeriyar rayuwar na'urorinmu. RXTE na Amurka ya yi gadin sama daga 1995 zuwa 2012, ya yi aiki mai tarin amfani, amma duk zamaninsa ya faɗa cikin shirun V404 Cygni, bai ga tashinsa ko sau ɗaya ba. Shi ya sa nake ganin darajar MAXI, na'urar Japan da ke kan tashar sararin samaniya ta duniya tun 2009, wadda ke share sama da ido kusan duk minti 90, tana rubuta hasken masu ci da na masu barci.